Taya Ɗaya Don Atisaye Da Ranar Gasa: Yadda Mai Keken Tsere Zai Zaɓa

[Kiɗan buɗe shiri]

Zancenmu na yau na masu keken tsere ne, keken nan marar nauyi mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi, wanda matasa suke fita da shi bayan sallar asuba, su ci kilomita 50 ko 60 kafin rana ta take. Iyaye da masu horar da yara, ku ma ku matso kusa da rediyo, domin sau da yawa daga aljihunku kuɗin tayar yake fitowa.

Ɗan tseren da ke cikin babbar ƙungiya a Turai ba shi da wannan damuwa. Yana da tayar atisaye daban, ta gasa daban, ga mota tana biye da shi ɗauke da wili na sauyi. Namu kuwa keke ɗaya ne, wili biyu, kuma tayar da ya yi atisaye da ita ranar Laraba ita zai shiga gasa da ita ranar Asabar. To wace taya ce za ta jure wahalar kullum, kuma ba za ta riƙe shi a baya ba ranar da ake neman gudu? Akwai ta. Amma samunta sai mutum ya san abu huɗu: girmanta, faɗinta, irin saƙarta, da yawan iskar da take so. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin nan, bari mu ga dalilin da ya sa taya ta cancanci shiri guda. Duk tsadar keke, wurin da yake taɓa ƙasa bai wuce faɗin yatsu biyu a gaba da yatsu biyu a baya ba. Ta nan ƙarfin ƙafarka yake zama tafiya, ta nan birki yake kamawa, ta nan kake shan kwana. Tarihin tsere ma ya nuna haka. A shekarar 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a birnin Belfast, ya haɗa taya mai iska don keken ɗansa. A 1891 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar, kuma a wannan shekarar Charles Terront ya hau ta ya lashe tseren Paris zuwa Brest da dawowa, tafiyar kusan kilomita 1,200. Tun daga lokacin, 'yan tsere suka fahimci cewa gasa takan kuɓuce wa mai ƙarfi saboda taya.

Abu na farko, girma. Mai sauraro, idan kekenka yana kusa, sunkuya ka duba gefen tayar. Za ka ga rubutu a jikin robar, kamar 700 x 25C, kusa da shi kuma wasu lambobi biyu, kamar 25-622. Waɗannan na biyun su za ka riƙe. Ta farko faɗin tayar ce a ma'aunin milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim ɗin da tayar take zama a kai. Kusan duk keken tsere na zamani 622 ne. Inda ake faɗawa rami shi ne a kasuwa. Tsofaffin kekunan tsere na hannu da ake shigowa da su, wasunsu inci 27 ne, wato 630. Keken gida irin na iyayenmu, mai kariya a baya da birkin ƙarfe, wanda ake kira inci 28, yawanci 635 ne. A ido duk kusan ɗaya suke, amma tayar wannan ba ta zama a rim ɗin wancan. Ƙarama ba za ta shiga ba, babba kuma za ta iya ficewa kana cikin gudu. Don haka ka rubuta lambar a takarda ka tafi da ita, kada ka dogara da kalmar mai shago cewa ai duk ɗaya ne.

Abu na biyu, faɗi. Nan ne ilimin ya sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan, kuma har yanzu da yawa daga cikinmu suna kan tsohon karatu. A da an ɗauka cewa mafi sirantar taya ita ce mafi gudu. Shekaru da dama 'yan tseren Tour de France suna hawa taya mai milimita 23, wasu ma ƙasa da haka, a cika ta da iska har ta yi tauri. Yau mafi yawansu sun koma 28 zuwa 30. Dalili kuwa shi ne, taya tana lotsawa a daidai inda ta taɓa ƙasa, kuma wannan lotsawa da miƙewa tana cin ƙarfin mahayi. Idan iska ɗaya ce a cikin siririya da mai faɗi, mai faɗin tana lotsawa kaɗan, don haka asararta kaɗan ce. Bayan haka, mai faɗi tana ba ka damar rage iska ba tare da rim ya daki ƙasa ba, sai ta riƙa shanye gargadar hanya maimakon ta riƙa jefa keken sama.

Akwai wata gasa a arewacin Faransa, daga kusa da Paris zuwa Roubaix, wadda aka fara tun 1896. Tsawonta kusan kilomita 260 ne, kuma sama da 50 daga ciki a kan tsofaffin hanyoyin gona ne da aka shimfiɗa da duwatsu. Masu shiga wannan gasa yanzu taya mai milimita 30 zuwa 32 suke sawa. A 2024 Mathieu van der Poel na ƙasar Holan ya lashe ta da matsakaicin gudun da ya kusa kilomita 48 a awa. Faɗin tayar bai hana shi gudu ba. Mu kuwa da kwaltarmu take da faci-faci, da tsagu, da ramuka, da tsakuwa a gefe, darasin wannan gasa ya fi kusa da mu a kan na hanyoyi masu sulɓi.

Shawarar da zan ba wanda yake neman taya ɗaya ta aiki biyu ita ce milimita 28. Idan hanyoyin garinku sun lalace sosai kuma keken zai ɗauka, 30 ko 32 ba laifi. Sai dai a auna kafin a saya. Tsofaffin kekuna masu birkin da ke matse rim, da yawansu ba sa ɗaukar fiye da 25, wasu 28. Masu birkin faifai sun fi yalwar wuri. A bar ratar da ta kai milimita 4 tsakanin taya da ƙarfen keke ta kowane ɓangare, domin ranar da taɓo ko tsakuwa ta maƙale, wannan ratar ce za ta hana tayar cin jikin keken ko tsayawa cak.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda mai keken tsere zai zaɓi tayar da za ta yi masa atisaye kuma ta yi masa gasa. Mun wuce girma da faɗi, yanzu sai abu na uku, wato abin da ke cikin tayar.

Ƙarƙashin robar da kake gani akwai saƙar zare, ita ce ainihin jikin tayar. A kwalin za ka ga haruffa uku, TPI, da lamba a gabansu: 30, ko 60, ko 120, har zuwa 320 a wasu tayoyin gasa masu zaren auduga. Lambar tana nuna yawan zaren da ke cikin inci ɗaya. Ka kwatanta shadda da buhu. Shadda zarenta siriri ne, saƙarta a matse, tana da laushi tana bin jiki. Buhu zarensa kauri ne, yana jure ja da gurzawa, amma ba ya lanƙwasuwa da daɗi. Taya mai yawan zare tana da laushi, tana bin hanya, tana gudu, amma ƙusa da kwalba sun fi saurin yi mata illa. Mai ƙarancin zare ta fi juriya, ta fi nauyi, ta fi jan ƙafa. Wasu kamfanoni sukan haɗa lissafin shimfiɗa uku su rubuta babbar lamba guda, don haka kada lambar kaɗai ta ruɗe ka. Ka riƙe tayar a hannu ka murza gefenta da yatsu. Laushinta zai gaya maka gaskiya.

Tsakanin saƙa da roba, masu ƙera taya sukan sa wani ɗamara na zare mai ƙarfi, irin su Kevlar ko Vectran, don tare ƙaya. Tayar gasa zalla wani lokaci ba ta da shi sam, kuma robarta siririya ce, an yi ta ne don ta yi gudu na ɗan lokaci. Tayar atisaye zalla, irin Gatorskin ta kamfanin Continental, an ƙarfafa ta har gefe-gefe, tana daɗewa, amma za ka ji nauyinta a ƙafa idan aka fara fafatawa. Wadda muke nema tana tsakiya: saƙa mai laushi, ɗamara guda ƙarƙashin inda take taka ƙasa, da roba mai kama hanya. A wannan rukuni ne ake samun irin su Grand Prix 5000 ta Continental, da Pro One ta Schwalbe, da P Zero ta Pirelli, sai Rubino Pro ta Vittoria wadda ta fi karkata ga juriya da sauƙin kuɗi. Ba talla nake yi musu ba, na ambace su ne don ku san ajin da ake nufi, ku auna duk wadda kuka samu da shi.

Ga wata alama mai sauƙi a kasuwa. Bakin taya, inda yake kama rim, iri biyu ne. Akwai na waya, wanda tayar take tsayawa a zagaye ba ta naɗuwa. Akwai na zare, wanda ake naɗe tayar a sa a ɗan kwali. Mai naɗuwa ta fi sauƙin nauyi, yawanci giram 200 zuwa 280, kuma kusan duk tayoyi masu kyau a wannan siffa suke zuwa. Tana kuma shiga jaka idan za a yi tafiyar gasa wani gari.

Daga nan sai tambayar da matasa suke yawan yi: mai tiyub ko tubles? Akwai ma iri na uku, ɗinkakkiyar taya mai tiyub a ciki wadda ake manna wa rim da gam. Ita ƙwararru suka daɗe suna hawa, ita ce kuke gani a tsofaffin hotuna 'yan tsere sun rataya a kafaɗa. Gyaranta a bakin hanya wahala ne, ba ta dace da mai keke ɗaya ba, mu ajiye ta gefe.

Tubles ba ta da tiyub. Ana zuba mata wani ruwa mai danƙo a ciki, wanda da zarar ƙaya ta huda, iska ta turo shi, sai ya toshe ramin kana cikin tafiya. A ƙasar ƙaya irin tamu wannan babbar riba ce. Duk wanda ya taɓa sauka gefen kwalta ya san tsaidau, ɗan ƙwallon nan mai tsini wanda ko ta ina ya faɗi sai tsini ɗaya ya kalli sama. Ga ƙayar aduwa, ga ta bagaruwa, ga siririyar wayar da ke fita daga tsofaffin tayoyin manyan motoci. Yawancin irin waɗannan ƙananan huji ruwan yana maganinsu. Amma tubles tana da sharuɗɗa. Dole rim ɗin ya zama an yi shi don ita, da tef ɗinsa da bawul ɗinsa. Ruwan kuma yana bushewa, a zafinmu ya fi saurin bushewa, sai an riƙa dubawa ana ƙarawa duk bayan wata biyu ko uku. Idan ka san ba za ka riƙa samun ruwan a garinku ba, zauna a kan mai tiyub. Facinta kowa ya iya, sholisho da ɗan faci suna ko'ina. Wanda kuma ya koma tubles, ya riƙa tafiya da tiyub guda a aljihun riga, saboda yankan kwalba mai faɗi ya fi ƙarfin ruwan.

Mai tiyub ma yana da dabarar da za ta mayar da tayarsa ta gasa da kuɗi kaɗan. Ya yi atisaye da baƙin tiyub na yau da kullum, wanda yake riƙe iska kwanaki. Idan gasa ta zo, ya sa tiyub na latas ko na siririyar leda da ake kira TPU, waɗanda suka fi sauƙin nauyi kuma suke rage jan taya. Na latas yana sace iska cikin dare, don haka sai an buga masa famfo kowace safiya.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu mun zo abu na huɗu, iska, kuma ina roƙon ku ba ni kunnuwanku sosai a nan, domin wannan ba ya cin ko kwabo, amma shi ne rabin aikin taya. Taya mai tsada da iskar da ba daidai ba, mai araha da aka saita da kyau za ta wuce ta.

Al'adar da muka gada ita ce a buga iska har sai an danna da yatsa an ji kamar dutse. Idan iska ta yi yawa, keke yana tsalle-tsalle a kan gargada. Mahayi yana jin girgiza sai ya ɗauka gudu yake, alhali ƙarfinsa yana tafiya a girgizar hannuwa da kafaɗu da baya, kuma tayar ba ta kama ƙasa da kyau a kwana. Idan kuma iska ta yi kaɗan, da ka faɗa rami sai rim ya matse tiyub ya yi masa huji biyu a jere. Duk lokacin da ka ciro tiyub ka ga ƙananan huji biyu kusa da juna, kada ka nemi ƙaya, ƙarancin iska ne.

Lambar da aka rubuta a gefen taya iyaka ce da ba a so a wuce. Abin da ya dace da kai ya danganta da nauyinka, da faɗin tayar, da irin hanyar. Ga mafari ga mai nauyin kilo 70, a ma'aunan iska biyu da ake kira psi da bar: a taya mai milimita 25, wajen psi 85 zuwa 90, wato kusan bar 6; a mai 28, wajen psi 70 zuwa 75, kusan bar 5; a mai 32, wajen psi 55 zuwa 60, kusan bar 4. Wanda ya fi nauyi ya ƙara, wanda bai kai ba ya rage. Tayar baya ta ɗan fi ta gaba iska, domin ita ke ɗauke da fiye da rabin nauyin. Daga nan sai ka gwada da kanka a hanyar da ka saba, kana ragewa kaɗan-kaɗan, har ka sami inda keken ya daina tsalle amma rim ba ya dukan ƙasa. Ka rubuta lambar ka riƙe.

Gargaɗi uku a kan iska. Na ɗaya, akwai sababbin rim na kabon waɗanda bakinsu a miƙe yake, babu ƙugiyar da ke riƙe taya. Irin waɗannan ba a wuce bar 5 a kansu, wato psi 73, kuma sai tayar da aka rubuta ta dace da su. Na biyu, zafi yana kumbura iska. Tayar da ka cika taf da sanyin asuba za ta ƙara matsi idan kwalta ta ɗau zafin azahar, ko idan ka bar keken a rana. Na uku, injin mai faci na bakin titi an yi shi ne don mota da babur, cikin daƙiƙa kaɗan zai iya wuce ƙima a siririyar taya. Ka mallaki famfon tsaye mai geji. Bayan tayar kanta, babu abin da zai fi shi amfani a gare ka.

Da damina kuma, zanen kambun da ke jikin tayar tsere ba shi ne yake riƙe ka a jiƙaƙƙiyar kwalta ba, ingancin robar ne da yawan iskar. Ka rage psi 5 zuwa 7. Ka yi hattara da ruwan farko, lokacin da ƙura da man motoci da suka taru tun rani suke tasowa su sa santsi. Yashin da ruwa ya tara a kwana kuwa, babu tayar da ke maganinsa sai rage gudu tun kafin a iso.

Bari mu kammala da kulawa, domin ita ce take sa taya ɗaya ta kai ka ranar gasa lafiya. Duk lokacin da ka dawo daga atisaye, ɗaga wilin ka juya shi a hankali a inda akwai haske. Za ka riƙa ganin ƙananan tsagu, wani lokaci da ɗan ƙyallin kwalba ko kan ƙaya a ciki. Cire shi da tsinke tun bai nutse ba, domin yawancin faci ba nan take suke faruwa ba, abin yakan kwana biyu yana cin hanya zuwa ciki. Idan ka yi faci, kafin ka mayar da tiyub, bi cikin tayar da tsumma a hankali. Inda ya maƙale, nan ƙayar take. Idan za ka ɗaura taya, ka daidaita tambarinta da bawul, ta yadda hujin tiyub zai nuna maka daidai wurin da za ka duba a jikin tayar.

Tayar baya ta fi saurin suɗewa. Idan ka ga bayanta ya baje ya daina zagaye, ko zare ya fara leƙowa, ko ƙananan ramukan alama da wasu kamfanoni suke sawa sun shafe, aikinta ya ƙare. Kada ka mayar da ita gaba. Ka sa sabuwa a gaba, ta gaban ta koma baya. Idan ta baya ta fashe yawanci ana iya tsayawa, amma fashewar ta gaba a kwana faɗuwa ce. Tayar da ta kumbura a gefe, ko ta tsattsage saboda daɗewa, a rabu da ita ko da kambunta bai ci ba. Wannan ya shafi ta gwanjo ma: lanƙwasa gefenta ka duba tsagu kafin ka biya. A kuma kula da jabu, domin farashin da ya yi ƙasa fiye da hankali yana da dalili, araha ba ta ado. A ajiye keke a inuwa, nesa da fetur da baƙin mai.

Sannan kada ka ɗaura sabuwar taya a daren gasa. Ɗaura ta da saura mako guda, ka hau ta, ka sha kwana da ita, ka ja birki, ka san halinta. Nan ne ma mai taya ɗaya yake da riba a kan mai biyu, domin ya san daidai inda tayarsa take kamawa da inda take saki, kuma wannan sanin shi yake ba mutum zuciyar shiga kwana cikin taro.

Tseren keke yana tashe a nahiyarmu. Burkina Faso tana shirya Tour du Faso tun 1987. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku tare da koriyar riga a Tour de France ta 2024, kuma a wannan shekarar Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke na gasar Olamfik a Paris. A watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar duniya ta tseren kan titi, karo na farko a Afirka. Yaranmu da ke fita da asuba suna da wurin zuwa, kuma bai kamata rashin sani a kan taya ya tsayar da su a bakin hanya ba.

Don haka, mai sauraro, idan za ka kasuwa: tabbatar da lambar rim ɗinka, nemi milimita 28 idan kekenka zai ɗauka, zaɓi mai naɗuwa mai laushin gefe da ɗamarar kariya, sayi famfo mai geji, ka duba tayarka bayan kowace fita. Masu horarwa, ku koya wa yara karanta gefen taya da auna iska kamar yadda kuke koya musu murza feda.

A nan za mu dasa aya. A shiri na gaba, idan Allah ya kai mu, za mu duba kaca da giya, da yadda ake kare su daga ƙurar hunturu. Kafin nan, a sa hular kwano, a kiyaye hannu a kan titi. Allah ya tsare hanya, ya ba mai rabo sa'a. Mu kwana lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]